Zafi ko sanyi: yaushe kamfanin wuta ya fi ciniki a Kano?

Tela_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Gardama ce ta haɗa ni da maƙwabcin shagona jiya bayan la'asar, muka tashi ba wanda ya sakar wa wani, shi ne na ce bari in kawo ta nan. Ni tela ne, mitar kati ce a shagona, kuma shekara biyu ke nan duk yunit ɗin da na saya sai na rubuta a bayan littafin awo. Da na zauna na duba, abin da nake sha a Afrilu da Mayu ya kusa ninka na Disamba da Janairu, alhali kekuna huɗun nan ne dai, dutsen guga ɗaya. Abin da ya ƙaru fanka uku ne da ba a kashe su, sai ɗan firjin da muke sa ruwa. Na ce masa lallai bazara ita ce kakar kamfanin wuta, kamar yadda azumi yake kakarmu teloli. Shi kuma ya ce sam, da zafin ne ma suka fi tafka asara tunda wutar ba ta zama. To masu sani, wane ne da gaskiya a cikinmu?

Ɗan_Kurna:
Wa'alaikumus salam. Malam Tela, maƙwabcinka ya fi ka kusa da gaskiya. Mu nan daga shigowar Maris zuwa yau sau biyu fis ɗin taransifomarmu yana ƙonewa, duk da daddare, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna abin da yake da shi. Na biyun sai da muka kwana huɗu a duhu. A kwana huɗun nan me aka sayar mana? Ko sisi mitata ba ta ci ba.

MamanIlham:
Ni kam mitata tana bayan Malam Tela. Zoɓo da kunun aya da lamurje nake yi. Da sanyi firiza takan yi aiki ta huta, har ka ji injinta ya yi tsit. Yanzu kuwa tun safe take gurnani har dare, in ka taɓa gefenta kamar ka taɓa murfin tukunya. Katin da yake kai ni mako uku a Janairu yanzu da ƙyar yake cika kwana goma sha biyu. Kuɗin nan ai wani wuri yake zuwa.

Injiniya_Sharaɗa:
Ku duka biyun kun faɗi gaskiya, kowa dai inda ya tsaya yake gani. Abin da zafi yake ɗagawa buƙata ce. Amma buƙata daban, ciniki daban. Kamfanin da ke raba wuta a nan, wato KEDCO, ba shi yake samar da ita ba. Sayowa yake yi daga babban layin ƙasa, TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, ta kawo masa ita ta tashar Kumbotso, shi kuma ya raba wa Kano da Katsina da Jigawa. Abin da ƙasar gaba ɗaya take samu a babban layi yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000, kuma a tsarin rabon da aka daɗe a kai tsakanin kamfanoni 11, kason na Kano 8 ne cikin 100. Ku lissafa, megawat ɗari uku da ɗoriya ke nan na jiha uku. To ko da zafi ya sa mutanen Kano suna neman ninkin wannan, kamfanin ba zai sayar da abin da bai karɓa ba. Sai dai ya yanka nan ya ba can. Shi ya sa Maman Ilham take ganin mitarta na gudu a sa'o'in da akwai wuta, Ɗan Kurna kuma yake ganin sa'o'in sun ragu.

Kuma zafin ba a gidajenmu kaɗai yake aiki ba. Mafi yawan wutar Nijeriya da iskar gas ake yin ta, irin su tashar Egbin ta Legas da sauran na kudu. Injin gas mai juyawa da iska yana son iska mai sanyi, domin ita ce mai nauyi. In iska ta yi zafi sai ƙarfinsa ya ragu. Waya ma in ta ɗau zafi takan saki ta yi lanƙwasa, kuma wutar da ke salwanta a hanya ta ƙaru. Taransifoma kuwa mai ne a cikinta yake sanyaya ta, iskar waje ce kuma take sanyaya man. Ranar da Kano ta kai digiri 41 ko 42, da me man zai huce? Da rana ta sha rana, da dare a ɗora mata lodin unguwa gaba ɗaya. Abin da ya faru a Kurna ke nan.

Ɗan_Kurna:
Allah Ya ƙara sani, Injiniya. Wallahi da dare in ka wuce ta gefenta sai ka ji tana wani irin kuka kamar ƙudan zuma.

Malamin_Lissafi:
Malam Tela, da izininka zan ɗan yi gyara a lissafinka. Ka ce abin da ya ƙaru fanka ne da firji kawai. Ka tuna ƙaramar Sallah ta 2023 ta faɗo 21 ga Afrilu, ta 2024 kuma 10 ga Afrilu, ta 2025 ƙarshen Maris, babbar Sallah kuma tana biye da wata biyu da kwanaki. Ashe watannin da kake kira na zafi su ne kuma watannin da kuke kwana a shago kuna ɗinki, dutsen guga ba ya hucewa. Dutsen guga ɗaya yana jan wat 1,000 ko fiye, fankar sama kuwa wat 60 zuwa 75 ce. Fankokinka uku a haɗe ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na dutsen ba. Saboda haka ba duka ƙarin ne na zafi ba, da yawa na Sallah ne. In kana son ka gane na zafin zalla, kwatanta mako biyu na bayan Sallah, lokacin da aiki ya lafa amma rana tana nan, da mako biyu na Janairu.

Tela_Fagge:
Gaskiya ban kawo wannan a raina ba, Malam. Kuma haka ne, goman ƙarshe na azumi har asuba muke kaiwa. Zan koma littafin in ware.

Hajiya_Nasarawa:
Ni abin da na sani, esi ne ke cinye kuɗin. Tunda aka mayar da layinmu rukunin A, na masu samun wuta mafi yawa a farashi mafi tsada, a 2024 na koyi lissafin dole. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana shan yunit ɗaya da ɗan wani abu a awa guda. In ya kwana awa takwas ya sha kusan yunit goma, a kan naira ɗari biyu da 'yan kai, kun ga naira dubu biyu ke nan a dare ɗaya, ɗaki ɗaya. Mahaifiyata ta tsufa, ga hawan jini, ba zan bar ta cikin wannan zafi ba. Ɗakinta kaɗai muke kunnawa, jikoki duk su kwaso katifu su kwana a wajenta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa ko rimot ɗin ba ma nema. Irin layinmu kam babu shakka da zafi suka fi samu.

Injiniya_Sharaɗa:
Hajiya ta taɓo inda kuɗin yake. Tun Afrilun 2024 da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 a kan yunit, daga baya aka ɗan rage, yunit ɗaya a layinku ya ninka na sauran rukunoni sau uku ko kusa da haka, bisa sharaɗin a ba ku awa 20 a rana. Rukunin B awa 16 ne, C 12, D 8, E 4. To da zafi, in wutar ta yi kaɗan, cika alƙawarin awa 20 ɗin nan yana nufin sauran layuka su ɗauki ragin. Yawan yunit ɗin da aka sayar zai iya tsayawa inda yake, amma kuɗin ya ƙaru saboda inda aka kai shi.

Ɗan_Kurna:
Wato mu 'yan rukunin ƙasa mu ne masu ɗaukar ragin.

Baba_Mai_Ritaya:
Yarana, ku bari tsoho ya sa baki. Na yi shekara talatin ina aikin layi tun ana ce wa hukumar NEPA, kafin ta koma PHCN a 2005, kafin a sayar a 2013. Injiniya ya yi bayanin gas, bai yi na ruwa ba, mu kuma nan Arewa ruwan ne ya fi kusa da mu. Kainji da Jebba a kan kogin Kwara suke, Shiroro a kan kogin Kaduna, ga Zungeru da ta shigo daga baya mai megawat 700. Shiroro megawat 600 ce, kuma layinta ne yake biyowa ta Mando a Kaduna ya iso Kumbotso. Kogin Kaduna ruwan damina yake jira. Daga Maris zuwa Mayu tafkin ya ja baya, dole a riƙa tattalin ruwan kada ya sauka ƙasa da inda injina za su iya sha. Kainji ta fi sa'a, domin cikowa biyu take samu. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka, da yake zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, wanda ya sauka a duwatsun Gini, ya ratsa Mali da Nijar a hankali, lakarsa ta kwanta a hanya, sai ya iso mana da rani wajen Disamba zuwa Fabrairu. Amma shi ma kafin Afrilu ya ƙare. To kun gani, watan da Bakano ya fi neman fanka shi ne watan da madatsun suka fi ƙishi. Mu da muna aiki, Afrilu da Mayu ne watannin da ba ma son a kira mu a waya.

MamanIlham:
Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Baba. Yau na fara jin ruwan Gini yana da hannu a firizata.

Ɗalibi_BUK:
Baba, in haka ne ai damina ce ya kamata ta zama lokacin cinikinsu. Ruwa ya cika dam, gari ya yi sanyi, taransifoma ta huta.

Baba_Mai_Ritaya:
Ɗana, damina ma da nata. Farkonta, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, iska ce take riga ruwa zuwa. Ta kayar da turaku, ta karyo reshen darbejiya a kan waya, ta ɗauko kwanon rufin wani ta maka a kan layi. Ga ƙurar da hunturu ya shafe wata uku yana tarawa a kan kwalaben da ke riƙe da waya. Yayyafin farko in ya jiƙa ta bai wanke ba, sai ta zama hanya, wuta ta yi tsalle, layi ya faɗi. Na sha fita da tocila tsakar dare daga Ɗan'agundi ina bin layi turke bayan turke ina neman inda ya taɓa. Wani lokacin ma da gangan ake kashewa in hadari ya taso, gudun kada waya ta faɗo da wuta a kan mutane. In an shiga Agusta kuwa wutar takan wadata, amma masu sha sun ragu, kowa ya kashe esi, wasu har da mayafi suke kwana. Hajar tana nan, masu saye sun ja baya.

Ummu_Sudais:
Kuna ta maganar zafi kun manta da hita. Da hunturu daga kiran assalatu zuwa ƙarfe bakwai kowane gida a layinmu an jefa hita a bokiti, na wankan 'yan makaranta da na alwalar tsofaffi. A lokacin ƙwan ɗakina har ja yake yi saboda wutar ta rage ƙarfi. Wannan ba ciniki ba ne?

Malamin_Lissafi:
Ciniki ne, Malama, amma gajere. Hita mai wat 1,500 in ta yi minti ashirin ta sha rabin yunit, an gama. Esi kuwa kwana yake yi, firiza yini da kwana. Hita tana matsa wa taransifoma na awa ɗaya ko biyu da safe, shi ya sa ƙwanki yake ja, amma a jimillar wata ba ta kamo ƙafar bazara.

Ummu_Sudais:
Na gane. Amma don Allah tunda an zo wajen, mata mu kula. A hunturun bara maƙwabciyata ta sa hita aka ɗauke wuta, ta manta ta tafi kai yara makaranta. Aka dawo da wuta, ruwan ya ƙone, bokitin roba ya narke, labule ya kama. Allah Ya sa almajirai suka hango hayaƙi. Da an ɗauke, a zare daga soket nan take.

Hajiya_Nasarawa:
Subhanallahi. Allah Ya kiyaye gaba. Lokacin sanyi komai a bushe yake, gobara ba ta jira.

Baƙo_a_Ingila:
Amin. Bari in ba ku na nan inda nake karatu, don ku ga abin ya danganta da ƙasa. A nan lokacin sanyi ne kakar kamfanonin wuta. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, kowa ya kunna fitilu da abin ɗumama ɗaki, galibin gidaje kuma ba su da esi sam. A Saudiyya akasin haka ne, wanda ya yi Umara da zafi ya sani. Bambancinmu da su shi ne, su in buƙata ta tashi akwai tashoshin da ke jiran a tada su, saboda haka yanayi kai tsaye yake shiga cinikinsu. Kamfanonin Amurka har ma'auni gare su: sukan ɗauki digiri 18 a matsayin tsaka-tsaki, kowace rana su ƙirga da digiri nawa aka haura ko aka gaza, da shi suke hasashen abin da za su sayar. In shekara ta zo da sauƙin zafi da sauƙin sanyi, sai ka ji suna gaya wa masu hannun jari cewa riba ta ragu saboda yanayi. Amma su ma yanayin yakan fi ƙarfinsu. A Fabrairun 2021 sanyi ya daskarar da bututun gas da injina a jihar Texas, miliyoyin gidaje suka kwana a duhu na kwanaki, daidai lokacin da aka fi neman wutar.

Ɗan_Kurna:
To ashe su ma Afrilunsu gare su, sai dai nasu da ƙanƙara yake zuwa.

Mai_Ƙanƙara:
Da aka ambaci ƙanƙara bari in shigo, sana'ata ce. Da azumin zafi kafin la'asar layi ya kai bakin titi, masu kula da buhu, yara da kwano. A watan nan zan iya shan ninki uku na wutar da nake sha da hunturu, in da zan same ta. Amma ƙanƙara tana son wuta mai ɗorewa, in aka yanke a tsakiya ta fara saki, aikin ya koma baya. Sai in tada injin dizal. Duk abin da na zuba a dizal a watan nan kuɗi ne da ya kamata ya shiga asusun kamfanin wuta, kuma da na fi kowa murna, don ta fi mini arha nesa ba kusa ba. In mutane suka ga ƙanƙara ta yi tsada sai su ce mun yi rashin tausayi da azumi. Ku tambayi masu rijiyar burtsatse ma, da bazara rijiyoyin gida sun ƙafe, 'yan garuwa sun yi layi, famfonsu ba ya tsayawa, su ma rabin aikin da janareta ne. Malam Tela, kasuwar tana ci da zafi, gaskiyarka. Sai dai mai gidan mai ne yake kwashe rabinta.

Sola_Farm_Centre:
Da mu, Alhaji. Ba ɓoyewa, daga Fabrairu zuwa Mayu muka fi sayar da faranti da batir da fanka mai caji. Kuma wanda ya sa sola saboda zafin bana, ba zai cire ta ba in damina ta zo. Ya rage sayen kati ke nan har abada. Manya ma sun fara: Jami'ar Bayero ta ƙaddamar da tata tashar sola a 2019, shagunan kasuwar Sabon Gari da dama suna kan sola, ga ta megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a 2023. Sai dai mu ma yanayi bai ƙyale mu ba. Da hazo rana takan dushe, ƙura ta rufe faranti, in ba ka hau ka goge duk 'yan kwanaki ba batir ba zai cika ba. Faranti kuma in ya yi zafi sosai ƙarfinsa raguwa yake yi, mutane da yawa ba su san wannan ba.

Ɗalibi_BUK:
Tambayata ga Injiniya: gidajen da ba su da mita fa? Su ai bil ake kawo musu na ƙiyasi, ko zafi ko sanyi.

Injiniya_Sharaɗa:
Nan ne lissafin yake ƙara rikicewa. NERC tana sa iyakar yunit da za a caji marar mita, gwargwadon abin da masu mita a layinsa suka sha. Amma mutumin da ba mita a gidansa ba shi da dalilin kashe fanka in zai fita, da zafi kuwa komai a kunne yake barinsa. Sannan rubuta bil daban, karɓar kuɗi daban. Wanda ya kwana huɗu a duhu kamar Ɗan Kurna, in ba mita gare shi ba, ranar da aka kawo takarda da wuya ya biya da daɗin rai, wani ma ba zai biya ba. Su kuwa kamfanin an riga an rubuta musu kuɗin duk abin da ya shigo ta Kumbotso. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai su ne ba ruwansu da yanayi sosai, injin saƙa ko na roba abin da yake ja a Janairu shi yake ja a Mayu, in ka cire masu ruwan leda da lemo.

Hajiya_Nasarawa:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. A unguwarmu da zafi suka fi samu.

Ɗan_Kurna:
A tamu kuma da zafi suka fi rasawa, Hajiya.

Tela_Fagge:
Na gode ƙwarai, jama'a. Na koma littafin kamar yadda Malamin Lissafi ya ce. Mako biyu na bayan ƙaramar Sallah ta 2024 sun fi mako biyu na Janairun shekarar, amma da kusan kashi ɗaya cikin uku ne, ba ninki ba kamar yadda na faɗa da farko. Na kuma lura akwai ranakun Mayu da ban rubuta komai ba sai kuɗin fetur. Na nuna wa maƙwabcin nawa, ya ce shafin fetur ɗin nan shi ne hujjarsa, ni kuma na ce ɗaya bisa ukun nan tawa ce. Baba, tunda kai ka san ruwa, wane wata ne ya kamata in fara sa ran sauƙi? Ina so in san ko in sayi batir yanzu ko in jira.

Baba_Mai_Ritaya:
In damina ta sauka da wuri a kudancin Kaduna da Filato, Shiroro takan fara farfaɗowa wajen Yuli. Amma kafin nan akwai iskar Yuni a gabanka, ga ɗinkin babbar Sallah. In da hali sayi batirin, ɗana, ko na fanka da fitila ne.

Sola_Farm_Centre:
Kuma kada ka ajiye shi kusa da dutsen guga ko jikin bangon da rana take duka, Malam Tela. Zafi yana rage wa batir kwana.